Makarar da Mijin Yayata Ya Kwance

Rai na Allah ne, Shi ya ba da aro, Shi ya aiko aka karɓa. Mijin yayata ya rasu wata Laraba a tsakiyar bazarar bana, gari na wayewa, a ɗakinsa da ke Sabon Gari. Maƙerin tol ne, wato farantin ƙarfe, mutumin Tibiri. Ya shigo Maraɗi yana saurayi da guduma ɗaya da baki mai kaifi, kuma bai ajiye ko ɗaya daga cikinsu ba sai da ciwo ya kwantar da shi. Ni ƙanen matarsa ne. Ni ne na farko da ya koya wa sana'a, ni ne kuma na farko da ya bar shi.

Na zauna a tabarmar ƙofar gidansa ina karɓar gaisuwa har aka yi sadakar uku, domin babu wani babba namiji da ya rage a dangi sai ni. Na sha zaman makoki a rayuwata, amma ban taɓa zama irin wannan ba. Mutum zai zo ya tsuguna, a shafa fatiha, ya ce Allah ya jiƙan shi, sai a yi shiru. Daidai wurin da aka saba cewa marigayi mai zumunci ne, ko ba shi da abokin faɗa, sai ka ga kowa ya sunkuyar da kai yana jan tasbaha. Liman da kansa ya daɗe yana laluben abin faɗa, daga ƙarshe ya ce, "Mutum ne da ya riƙe sana'arsa." Aka ce haka ne, haka ne. Ba wanda ya ƙara komai.

Mai shagon da ke jikin rumfarsa shi ne ya fara fasa shirun. Ya shafa addu'a, ya gyara zama, ya ce, "Allah ya gafarta mishi. Yanzu dai mutum ya samu ya yi ƙailula a layin nan."

Wani dattijo ya ce, "Haba, Alhaji. Ƙasar da aka zuba mishi ko bushewa ba ta yi ba."

"To ƙarya na yi? Tun ina da baƙin gashi gudumar nan take cikin kwanyata. Na je na roƙe shi ya riƙa dakatawa bayan azahar, ya ce in kai shagon daji."

Aka yi ƴar dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a wurin makoki a kuma ji kunyarta. Ni ban yi ba, amma ban tsawata ba. Mutum ɗaya kaɗai na ga ya zubar da hawaye cikin maza, zan zo kansa.

Abin da ya fi cika bakin mutane a zaman nan ba mutuwarsa ba ce, makara ce. Makarar masallacin unguwarmu shi ya ƙera ta da daɗewa. Ƙafafunta da hannuwanta na tiyon ƙarfe ne, shimfiɗarta kuwa farantin sanholo ne, wato alminiyum, don ta yi sauƙin ɗauka ko ga tsofaffi. Kafin azumi kusurwa ɗaya ta fara motsi, ƴan kwamitin masallaci suka kai masa don ya ɗan matse ta. Shi kuwa ya kwance ta gaba ɗaya, ƙarfe gefe, faranti gefe. Daga nan ciwo ya kama shi. Unguwa ta koma aron makara duk lokacin da aka yi rashi, ana aro ana zaginsa. Safiyar da ya cika, babu abin da za a ɗauke shi a kai.

Karatuna bai yi nisa ba, lakol ɗin da na yi, wato boko, kaɗan ne. Na ɗauki alƙalami ne don na ga in aka yi sadakar arba'in ba mai sake ambatonsa, kuma ba na son a manta da shi, ba na kuma son a yi masa ƙaryar yabo. Shi kansa da zai ji an ce masa mai haƙuri, da ya tashi ya zagi mai faɗa.

Wanda bai san sana'armu ba, bari in gaya masa abin da ake kira ribe. Ƙusa ce gajeruwa marar tsini, mai kai ɗaya. Ana huda tol biyu a zura ta, mutum ɗaya ya tokare kan nata daga baya da wani ƙarfe mai nauyi, ɗayan ya yi ta dukan wutsiyarta da guduma har ta baje ta zama kai na biyu. Shi ke nan ta kama. In abu ƙarami ne kamar bokiti, mutum ya iya yi shi kaɗai a kan maƙera. In babba ne, dole sai mutum biyu, don hannu ba ya kaiwa baya. In kuwa tanki ne ko tano, wato babban duro, mai tokara ciki yake shiga.

Ni ne mai shiga ciki. Wanda bai taɓa zama cikin tanki ana dukansa daga waje ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Ƙarar ba a kunne kaɗai take tsayawa ba, har haƙora take shiga. Wata rana na samo auduga na toshe kunnuwana. Ya leƙo ta bakin tankin ya gani.

Ya ce, "Mi ne ne wannan?"

Na ce, "Auduga ce, Maigida. Kaina ke ciwo."

"Cire. In ka toshe kunne, da mi za ka ji ta kama?"

Gaskiyarsa ce, sautin yana sauyawa idan ribe ta zauna daram, daga ƙara mai rawa ya koma ƙara mai nauyi. Gaskiya ne kuma kunnena na hagu ya mutu tun ban yi auren fari ba. Har ya koma ga Allah bai taɓa tambayata yaya kunnen ba. In ya yi magana ban ji ba, sai ya zagayo ta dama ya ɗaga murya, kamar ni na yi wa kaina.

Yana da wata ƙa'ida da ba ya sauka daga kanta. Ba ya sauya ribe ɗaya. In aka kawo masa mazubin injin niƙa ko murfin tanki aka ce ga guda ta saki, sai ya ce wadda ta saki ta daɗe ba ta ɗaukar komai, na kusa da ita ne suka ɗauki nauyinta, su ma sun gaji, ramukansu sun buɗe. Sai ya sa kurfi, ƙarfen nan mai kaifin baki, ya sare kawunan layin gaba ɗaya, ya buga guntayen su faɗo, ya faɗaɗa ramukan su koma daidai da juna, ya yanko sabbi masu kauri fiye da na da. Aikin da mai kaya ya zo da niyyar jira a tsaye, sai ya koma aikin a dawo jibi. In an gama kuma sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora ɗan yatsa a kan kowace, ya ƙwanƙwasa ta baya da ƙaramar guduma. In ya ji motsi ƙarƙashin yatsan, komai ƙanƙantarsa, layin ya tashi.

A kan haka muka rabu. Wani Alhaji mai fataucin atamfa ya kira mu gyaran tankin ruwa a gidansa. Lokacin ina da mata da ƴaƴa biyu, gemuna ya fito. Mun gama layi mai tsawo, ina ciki gumi ya jiƙa ni kamar an tsoma ni a Gulbi, sai na ji ƙwanƙwasar nan tasa tana tafiya, tana tafiya, ta tsaya. Ya ce in fito. Ƙofar gidan cike da mutanen Alhaji, direbobi da masu jiran gaisuwa.

Ya ce, "Wa ya tokare wagga?"

Ya san ni kaɗai ne a ciki. Na ce ni ne.

"Hannunka ne ke rawa ko kanka?"

Mutane suka yi dariya. Ya ce da ya sani da yayata ya ɗauko, ita ko ba komai ta iya riƙe muciya. Ya miƙo mini kurfi ya ce in sare layin duka. Na sare. Na koma ciki na tokare, muka sake shi daga farko har ƙarshe. Da ya ƙwanƙwasa ya ji babu motsi, bai ce komai ba, don ba ya cewa aiki ya yi kyau, shirunsa shi ne yabonsa. Na fito, na ajiye ƙarfen tokarar a ƙasa gabansa, na kama hanya. Ban sake komawa rumfarsa ba sai ranar da ya mutu.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Na koyi walda, na buɗe wurina a bakin hanyar da yake bi kullum, na riƙa gaya wa manoman Jiratawa da ke kai masa aiki cewa zamaninsa ya wuce. Da yawa sun dawo wurina. Shi kuma in ya zo wucewa a kan kekensa sai ya kau da fuska, ya ce wutar masu liƙi tana ɓata ido. Haka yake kiran walda, liƙi. Muna haɗuwa a gidan yayata ranar sallah, mu yi musabaha da kan yatsu, kowa ya dubi bango.

Ɗaya daga cikin manoman Jiratawan nan ya zo gaisuwa da ƙullin zogala a buhu, ya ba da nasa labarin a kan tabarma. Ya ce ya taɓa hawo kabu-kabu tun daga can da arozuwar ɗinsa, wato gwangwanin ban ruwa, hannunta ya kusa cirewa. Kafin ya taho ya narka roba ya liƙe wurin don ya ƙarasa ban ruwan safe. Marigayi ya juya ta ya duba.

"Wa ya yi wanga ƙazanta?"

"Ni ne, Baba. Don in ƙare ban ruwa ne."

"To koma ka ƙare."

Ya wurga ta tsakiyar titi, har wani mai amalanke ya kusa taka ta. Manomin ya ce tun daga ranar bai sake zuwa ba. Sa'an nan ya ƙara da cewa, "Amma wadda ya ƙera ma babana, har yau da ita nike ban ruwa." Ba da muryar yabo ya faɗa ba. Da haushi ya faɗa, kamar mai ba da shaidar da ba ya so.

Babban ɗansa kuwa, wanda yanzu Alhaji ne mai motoci da ke ratsa iyaka da kaya, shi ne ya gaje ni a cikin tanki. Bai daɗe ba ya gudu, ya faɗa fatauci, Allah ya buɗa masa. Da ya yi arziki ya so ya kyautata wa uban. Ya sayo masa wata ƴar na'ura daga Kano, muna ce mata bindigar ribe, wadda mutum ɗaya zai matsa daga waje ribe ta kama ba tare da mai tokara ba. Yayata ta ce yaron da murna ya kawo ta, har yana nuna masa yadda ake yi. Uban ya matsa guda, ya sa kurfi ya tsaga ta biyu, ya ɗaga ta sama don kowa ya gani.

Ya ce, "Dubi. Cikinta rami ne, kamar mai kawo ta."

Alhajin bai sake taka rumfar ba. Yana aiko da hatsi da tufafin sallah ta hannun direba, yana shiga wurin uwarsa ta ƙofar baya.

Mutumin da na ce ya yi kuka, gurgu ne mai sayar da goro a bakin tasha, yana tuƙa keken nan na hannu. Ya ce mazaunin kekensa ya taɓa tsagewa, ya bi masu gyara, kowa ya ɗaure masa da waya ko ya buga masa ƙusa, kawunan suna yaga masa wando suna ji masa ciwo a inda ba ya iya dubawa. Ya zo wurin marigayi. Marigayi ya zage shi tas a kan ya bari ƴan koyo sun ɓata ƙarfe mai kyau. Sa'an nan ya sauke shi a kan tabarmarsa ta salla, ya kwance mazaunin, ya sake shi, ya ɗauki magagari ya bi kan kowace ribe yana gogewa yana shafawa da bayan hannunsa, har sai da suka yi sumul. Da ya gama ya ɗauke shi da kansa ya mayar da shi kan keken, ya ce, "Tahi, kada in ƙara ganinka." Gurgun ya ce duk shekara sai ya koma, duk shekara sai an zage shi, duk shekara sai an goge.

To, ga mutumin da ke kwance a ɗaki ranar Larabar nan, an yi masa wanka an sa masa likkafani, rana tana ɗagawa, zafin bazara ya fara dukan rufin kwano. Ladan ya je masallacin da muke aro, ya dawo ya ce tasu makarar ta tafi Tibiri da gawa, ba za ta dawo ba sai yamma. Ya faɗa da ƙarfi don a ji, ya ƙara da cewa, "Ya gani ai. Abin da ya yi ma matattun mutane ne ya dawo mishi."

Muka taru a zaure, ni da liman da Alhajin, babban ɗan nan nasa. Yayata tana tsaye daga bayan ƙyaure.

Alhajin ya ce, "Kawu, ga mota nan a buɗe. A shimfiɗa tabarma a baya, a tahi. Mutane na jira, kuma kun san zahi."

Liman ya ce babu laifi a shari'a, gaggawa ita ce sunna.

Yayata ta ce daga bayan ƙyauren, "Ba za a loda shi a bayan mota kamar buhun gero ba. Duk mamacin unguwar nan a kan ƙarfen da ya ƙera ya tahi. Shi ma a kai zai tahi."

"Inna, shi ya kwance ta da hannunshi."

"To a ɗaura. Auta, kana ji na ko in zagayo ta dama?"

Ni ne Auta, haka take kirana har yau da furfurata. Na ce ina ji.

Rumfar tana jikin gidan, akwai ƴar ƙofa daga tsakar gida. Na shiga na tarar da komai a shirye. Ƙarfen makarar yana kan tano biyu, farantin a ɗore a kai an goge shi, an faɗaɗa ramukan tsaf, ga sabbin ribe an yanke su daidai tsawo cike da gwangwanin tumatir. A gefe ga ƙarfen tokara. Na gane shi, wanda na ajiye masa a ƙofar gidan mai atamfa ne. Kada wani ya ce don ƙauna ya adana shi. Ƙarfe ne mai kyau, shi kuwa ba ya yar da ƙarfe mai kyau.

Alhajin ya ce in aika a ɗauko injin waldata. Na ce sanholo ba ya kama ƙarfe a injina, ƙonewa zai yi ya huje. Ya waiwaya ya hango bindigar da ya sayo, tana rataye cikin kwalinta, gizo-gizo ya yi mata saƙa. Ya sauko da ita da sauri, ya zura ribe ɗinta a rami ɗaya, ta zarce ta faɗi ƙasa. Ramukan an faɗaɗa su daidai kaurin nasa ne. Muka dubi juna. Alhajin ya yi wata dariya marar daɗi.

Ya ce, "Ko ya mutu sai an bi tashi hanya."

A nan na gane abin da ya hana makarar haɗuwa. Ba ciwo kaɗai ba ne. Ya gama duk abin da mutum ɗaya zai iya yi. Abin da ya rage na mutum biyu ne, shi kuwa ya kori duk wanda zai tokare masa, kuma girman kai bai bar shi ya aika a kira kowa ba.

Cikin masu jira a waje akwai wani da ya taɓa zama yaronsa, yanzu kabu-kabu yake yi. Na leƙa na kira shi. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Zan ɗauki gawa, zan yi haƙa in an ce in yi. Amma na rantse ba ni ƙara taɓa ƙarfen nan." Ba wanda ya ga laifinsa.

Duka yana son wanda ya iya, tokara tana son mai ƙarfi. Na dubi Alhajin. Yana sanye da farar shadda, agogo yana walƙiya a hannunsa. Ya daɗe yana kallon ƙasan rumfar, baƙin mai da garin ƙarfe. Ya cire hula da babbar riga ya rataye a ƙusa, ya ɗauki ƙarfen, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin makarar.

Kafin in fara na yagi gefen hankicina biyu na miƙa masa. Na ce, "Toshe kunnuwanka." Ya karɓa ya cusa.

Ban taɓa tsayawa a wannan gefen a rumfar nan ba. Na ɗauki gudumarsa, ƙotar ta lotsa daidai yatsunsa, ba daidai nawa ba. Na zura ta farko, na ce tokare, na fara bugun gefe-gefe ina zagayawa, sa'an nan tsakiya. Hannu bai manta ba. Muna yi, ana leƙowa. Ladan ya zo ya ce an kusa kiran azahar. Mai shago ya ce ashe ko ranar mutuwarsa ba za a huta da gudumar ba. Wani ya ce gawa fa ba ta jira. Aka yi azahar muna kai, muka yi tamu a gurguje a nan cikin rumfa muka koma.

Mun ci rabin layi na biyu sai na ji sautin ya ƙi sauyawa. Hannun Alhajin ya gaji, ƙarfen yana zamewa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

Na ce, "Hannunka ne ke rawa ko kanka?"

Tsumman kunnen bai hana shi ji ba. Ya turo kansa daga ƙarƙashi, fuska duk baƙin gari, ya dube ni. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da na ɗauki kalmomin nan a zuciya tun ina da ƙuruciya ina tsine musu, ashe ajiye su nake yi.

Ya ce, "Kawu, mutum ɗaya muka zo rufewa. Kada ka tashe shi."

Ya koma ƙasa. Na sare waccan guda, muka sake ta.

Da muka iso kusurwar wajen kai, sai na tarar da ribe biyu an riga an buga su. Ban lura da su da farko ba don farantin ya rufe su da inuwa. Kawunansu a karkace, ɗaya har ta tsage a baki. Na ɗora yatsa na ƙwanƙwasa, suka yi motsi, motsin da ko ɗan koyo zai ji. Bugun nasa ne, na san sawun gudumarsa. Amma wa ya tokare masa?

Yayata ta kawo mana ruwa a kwanon sha, tana tsaye a ƴar ƙofar tsakar gida. Ta ga inda yatsana yake.

Ta ce, "Ni ce."

Ta ce bayan sallah ya ɗan ji sauƙi, wata safiya ya dafa bango ya fito rumfa, ya zauna yana kallon makarar. Can ya kira ta. Ta zo, ya miƙa mata ƙarfen, ya nuna mata inda za ta kwanta. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, da ƙyar take ɗaga tulu. Ta kwanta ta tokare da hannu biyu. Suka yi ɗaya, suka yi ta biyu, ƙarfen ya suɓuce ya faɗo mata a ƙirji. Ta fito tana haki. Ta ga ya ɗora yatsa ya ƙwanƙwasa, ta tsaya tana jiran zagi, don ta san abin da yatsan ya ji.

"Sai ya ce da ni, sun yi. Tashi ki shiga ciki."

Daga ranar bai sake fitowa rumfa ba.

Alhajin ya ce daga ƙasa, "Kawu, sare su mu sa sabbi. Biyu ne kawai."

Na ɗora kurfi a kan ta farko. Abin da na ji a lokacin ba tausayi ba ne, haushi ne, irin wanda ban ji ba tun ranar tankin mai atamfa. Ashe ya iya. Ashe kalmar nan tana cikin bakinsa duk tsawon zamanin nan, ya san yadda ake faɗarta, ya hana ni ita, ya hana ɗansa, ya hana duk yaran da suka kurmance a cikin tankunansa. Sau ɗaya ya fitar da ita, a kan aikin da ya fi kowane lalacewa.

Na ɗauke kurfin. Na ce, "Lokaci ya ƙure. Matsa gaba."

Alhajin ya san ba lokaci ba ne. Bai yi gardama ba. Muka cika sauran ramukan da ke kewaye da su, su ne za su ɗauki nauyin. Na san abin da marigayi zai ce a kan haka, na kuma bar su.

Ana idar da la'asar aka fito da shi. Liman ya juyo ya ce duk wanda marigayi ya saɓa wa ya dubi Allah ya yafe. Aka yi gunaguni, wasu suka ce mun yafe, wasu suka motsa leɓe kawai. Alhajin yana tsaye a sahun gaba da baƙin mai a wuyan rigarsa ta ciki, na ji ya faɗa a fili. Ni ma na faɗa. Ina ta maimaita ta kullum bayan salla, don har yanzu ban ji ta zauna ba.

Da aka ɗaga makarar na shiga kusurwar wajen kai na sa kafaɗa. Matasa suka ce in bari su karɓe ni, na ƙi. Ba ni da kunnen da zai ji daga wannan gefen, amma kafaɗa ta ji. Duk takun da muka yi sai kusurwar ta yi ɗan motsi, ƙas, ƙas, tun daga Sabon Gari har bakin kabari. Gurgun nan yana biye da mu a baya yana tuƙa kekensa cikin yashi.

Bayan sadakar uku ƴan kwamiti suka zo suka ce makara ta yi kyau, sai dai akwai inda take ƴar ƙara, ko zan duba. Na ce na sani. Na ce ba za ta karye ba, su bar ta haka har ranar da za a ɗauki yayata a kanta, ko a ɗauke ni, duk wanda ya riga. Bayan nan su nemi wanda zai sare layin.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, ka fi mu sanin abin da ya aikata. Kada ka ƙwanƙwasa aikinsa yadda ya ƙwanƙwasa namu. Ka duba shi yadda ya dubi waɗannan biyun, ka ce masa ya yi, ya tashi ya shiga. Amin.